Unguwannin Birnin Katsina da Ƙasar Yamma: Yarinci, Ƙofar 'Yandaka da Ruma

Abin da wannan takarda ta ƙunsa shi ne bayani a kan sunayen waɗansu unguwanni da ƙofofi na birnin Katsina, da yadda labarinsu ya sarƙu da na ƙasar da ke yamma da birnin, watau ƙasar Ruma, wadda hakiminta ke zaune a Batsari, da ƙasar Yarima, wadda hakiminta ke zaune a Safana. Malaman makarantu sun saba koyar da tarihin birni daban, na karkara daban, kamar ganuwa ta raba su tun fil'azal. A Katsina wannan rabo ba ya tsayuwa. Akwai unguwar da ba a gane ma'anar sunanta sai an yi tafiyar mil talatin ko arba'in cikin daji, akwai kuma gari a bakin daji wanda ba a gane sarautarsa sai an komo cikin birni an tambayi lungu.

Sai mu fara da harshe, tun da shi ne abin aikinmu. Bahaushe yana da hanyoyi sanannu na raɗa wa unguwa suna. In mutanen da suka taru asalinsu ɗaya, ko kakansu ɗaya, sai a ƙare sunan da -awa, kamar Masanawa, da Gambarawa, da Sulluɓawa. In sana'a ta tara su sai a fara da 'yan, kamar 'Yan Shuni. In kuwa gidan wani mai sarauta ne ya kafu, barorinsa da bayinsa da masu cin arziki a ƙofarsa suka kewaye shi da gidaje, sai a ɗauki sunan sarautar a ƙara masa -nci. Daga nan aka sami Yarinci, wurin Yarima, da Galadunci, wurin Galadima, da Iyatanci, wurin Iya. Wannan ɗafi shi ne dai na "malanci" da "Hausanci", wanda ke nuna hali ko aikin wani. To, da ya hau kan sarauta sai ya nuna wurin da ake yin aikin. Ƙofofin ma haka suke. Cikin manyan ƙofofin ganuwa guda bakwai da aka fi sani, watau Guga, da Sauri, da Durɓi, da Marusa, da Ƙaura, da Kwaya, da 'Yandaka, huɗu sunayen sarautu ne: Durɓi, Marusa, Ƙaura, 'Yandaka. Kano ba ta yi wa hakimanta wannan karamci a ƙofofinta ba kamar yadda Katsina ta yi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna irin nauyin da manyan masu sarauta ke da shi a nan tun zamanin Haɓe.

Tsofaffin unguwannin sun girmi waɗannan labarai da za mu kawo nesa ba kusa ba. Ana danganta kafa fada, wadda har yanzu ake kira Gidan Korau, ga Sarki Muhammadu Korau, wanda ya yi zamani a ƙarni na 15, kuma ruwayar gari tana danganta masallacin Gobarau da wannan zamani, lokacin da Shehu Magili ya ratso ƙasar Hausa wajen 1493. Hasumiyar masallacin tana nan tsaye, ginin ƙasa, tsayinta kamar ƙafa 50. A ƙarni na 17 aka yi waliyyan nan biyu da birnin ke alfahari da su: Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595 ya rasu a 1667, wanda unguwar Masanawa ke ɗauke da sunan gidansa, da Ɗan Marina, wanda babbar maƙabartar birni ke amsa sunansa. Albaba kuwa an san ta da fatake Larabawa masu zuwa ta hamada. Wannan sashe na tarihin an rubuta shi sau da yawa, ba za mu daɗe a kansa ba. Abin lura kawai shi ne, duk waɗannan sunaye suna fuskantar arewa da gabas, inda ayari da littattafai ke fitowa. Labarin yamma dabam ne, na yaƙi ne.

A 1807 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin, Malam Ummarun Dallaje ya zama Sarki. Sarakunan Haɓe suka fice arewa, Sarki Magajin Halidu ya mutu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya ja ragowar jama'a, bayan 'yan shekaru suka kafu a Maraɗi. Ba su tafi hannu sake ba. Sun tafi da sunan sarautar kanta, domin mai mulkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, sun kuma tafi da manyan sarautun nan huɗu, Ƙaura, da Galadima, da 'Yandaka, da Durɓi, waɗanda suka zama rukunin majalisarsa. Har yau a cikin tsofaffin unguwannin Maraɗi akwai 'Yandaka, akwai Limanci, ko da yake garin ya tashi daga fadama ya hau tudu bayan ambaliyar 1945. Watau tun daga 1807 kowace babbar sarauta ta Katsina ta zama biyu, ɗaya a birni hannun Fulani da mabiyansu, ɗaya a Maraɗi hannun masu cewa su ne magada na gaskiya. Talakan da ke tsakani kuwa dole ya zaɓi wanda zai kai wa gaisuwa, kuma kowanne ya zaɓa ɗayan zai zo ya tambaye shi dalili.

Ba inda wannan tambaya ta yi zafi kamar ƙasar yamma. Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya dubi taswira. Mayaƙan Maraɗi da na Gobir, in suna nufin kudancin Katsina ko yammacin Kano, ba su bin ta ƙofar birni. Sai su zagayo ta yamma, ta tsakanin Katsina da Zamfara, inda duwatsu da kurmi ke ɓoye doki. Ta nan kuma hanyar Sakkwato ta bi, wadda Sarkin Katsina ke kai gaisuwar shekara. Saboda haka garuruwan wannan yanki, irin su Ruma, da Zakka, da Runka, suka zama mabuɗi: wanda ya riƙe su ya riƙe wuyan birni.

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da Maraɗi, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, sai Ɗan Mari ya gaji Rauda. Wajen 1843 zuwa 1844 Ɗan Mari ya kutso ƙasar Katsina, garuruwa da yawa na yamma suka tayar wa birni, suka bi shi. Sarkin Katsina Siddiƙu, ɗan Ummarun Dallaje, ya sami gudummawa, ya kori Ɗan Mari, sa'an nan ya juyo kan garuruwan da suka yi tawaye. Horon da ya yi musu ya wuce misali. An ƙone, an kama, an watsa, har ƙasar da take cike da gonaki ta koma kufai, itatuwa suka rufe ta. Wannan shi ne asalin dajin da tsofaffin littattafai ke kira Dajin Rubu, wanda Dajin Rugu na yanzu yake ragowarsa. Siddiƙu kansa bai ci ribar nasarar ba, gama a 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, ya naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani, domin a nan hukuncinmu yake. Siddiƙu ya so ya tsare birni, sai ya kwashe mutanen da ke tsare da shi. Gari mai ganuwa, ko da mai taurin kai ne, yana da ido da kunne, in ƙura ta tashi zai buga ganga. Daji ba ya buga ganga. Da ƙasar ta zama kango sai ta zama babbar hanya ga mahara, kuma sarakunan Maraɗi na baya, musamman Ɗan Baskore, sun yi amfani da ita yadda suka ga dama.

Muna da shaidar wanda ya gani da idonsa. Bature Bajamushe Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shigo Katsina a watan Janairu na 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 13 zuwa 14, amma ya ce mutanen da ke ciki ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, sun takure a sashen arewa maso yamma, sauran fili duk gonaki ne da kufai. Ya rubuta jerin sunayen unguwanni masu yawa, ya sa Ambuttai a matsayin mafi tsufa, kuma wannan jeri shi ne abu mafi daraja da ya bar wa mai binciken unguwannin Katsina, domin da yawa cikinsu tun a lokacin suna ne kawai ya rage. Ya ga cewa ciniki ya ƙaura Kano, ya kuma ɗora laifin a kan yaƙin da ba ya ƙarewa tsakanin birni da Maraɗi. Da ya komo a 1853 zai wuce Sakkwato, bai iya bin hanya miƙaƙƙiya ba saboda tsoron rundunar Gobirawa. Sai ya bi ayarin Galadiman Sakkwato, suka yi kudu ta Kuraye da Kurfi, suka kai Zakka, wadda ke cikin ƙasar Safana ta yanzu, daga nan suka keta daji da sauri zuwa Zurmi. In an haɗa shaidar nan biyu, ta birni da ta hanya, sai a ga abu guda ne: unguwannin da suka mutu cikin ganuwa da garuruwan da suka mutu a yamma ciwo ɗaya ya kashe su.

Ruma ta rayu cikin wannan hali, kuma halin ya yi mata tarbiyya. Mutanenta, Rumawa, suka shahara da hawan doki da yaƙi, domin wanda ke kwana a bakin Rubu ba shi da wata sana'a da ta fi wannan. Sarkin Ruma yana cikin sarakunan garuruwa, masu zama a ƙasarsu, waɗanda ikonsu ya tsiro daga gari da mayaƙansa. Sarki a birni yana bukatarsu, yana kuma shakkarsu. A ƙarshen ƙarni na 19 sunan da ya fi fita daga Ruma shi ne na barde Muhammadu Ɗan Waire, wanda ya yi wa Katsina yaƙi a zamanin Sarki Abubakar, daga baya ya bar ƙasar ya koma Gwiwa ta ƙasar Kazaure. Yadda babban jarumin yamma ya koma gabas, ƙarƙashin wata masarauta, ya nuna irin zaman doya da manja da ke tsakanin fada da masu tsaron iyakarta.

Sarautar Yarima kuwa asalinta wani iri ne. Sarauta ce ta 'ya'yan sarki, wurinta kusa da fada, shi ya sa Yarinci take cikin tsakiyar birni, ba ta da nisa da Ƙofar Soro. Mai irin wannan sarauta a da yana zaune a gidansa na birni, garuruwan da aka ba shi suna warwatse nan da can, jakadunsa ke zuwa su karɓo haraji su kawo. Ƙofar gidansa kuwa cike take kullum: masu kawo ƙara, da masu kawo gaisuwa, da maroƙa, da 'yan lifida, da baƙin ƙauye masu neman masauki. Wannan cinkoso shi ne unguwa. Ba gini ke yin Yarinci ko Galadunci ba, mutanen da sarautar ke ciyarwa ke yin ta.

Turawa suka zo a 1903. Lugga, bayan ya gama da Sakkwato, ya iso Katsina daga yamma, ya shiga ta Ƙofar 'Yandaka ba tare da an yi harbi ba, Sarki Abubakar ya karɓe shi. Ba a daɗe ba suka tuɓe Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, suka ɗauko Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, suka ba shi sarauta. Da haka mulki ya bar gidan Dallazawa bayan shekara 99. An fi yawan magana a kan wannan sauyi na gidan sarauta, amma ga tarihin unguwanni akwai wanda ya fi shi girma, ko da yake bai yi ƙara ba. Turawa ba su son ƙasar hakimi ta warwatse, ba su kuma son jakada tsakanin hakimi da talaka, domin a hannun jakada kuɗin haraji ke narkewa. Saboda haka, a zamanin da H. R. Palmer ke riƙe da Katsina da shekarun da suka biyo baya, aka yanka ƙasa gunduma gunduma, kowace a haɗe wuri ɗaya, aka ce kowane hakimi ya zauna cikin tasa, aka kuma kafa Baitulmali, aka yanka wa masu sarauta albashi. Waɗansu dama a waje suke tun ƙarni na 19. Sauran aka fitar da su.

Sakamakon haka shi ne taswirar da ɗaliban makarantun horon malamai suka haddace shekara da shekaru: Ƙaura a Rimi, Durɓi a Mani, Galadima a Malumfashi, 'Yandaka a Dutsin Ma, Iya a Mashi, Sarkin Sulluɓawa a Kaita, Yarima a Safana. Sunan ya tsaya a birni, aikin ya tafi ƙauye. Wanda ya je Ƙofar Ƙaura neman Ƙaura sai a nuna masa hanyar Rimi. Yarinci ta ci gaba da zama unguwar gidan sarauta, amma ƙarar da ake kawo wa Yarima, da harajin da ake ƙirga masa, da jangalin Fulanin daji, duk a Safana ake yinsu. A ƙasar Ruma abin ya zo a juye. A can sarautar dama ta ƙasa ce, sai mazauninta ya tashi daga tsohon garin Ruma ya koma Batsari, sunan ya bi shi. Shi ya sa hakimin Batsari Sarkin Ruma ake ce masa, Ruma kuwa tana nan gefe da tarihinta. Ga gundumomi biyu maƙwabta, a bakin daji ɗaya, ɗaya sarautarta ta fito daga lungun fada, ɗaya ta fito daga sansanin iyaka. Wanda ya ɗauke su abu guda, don dai ya ga an jera su a takardar En'e, ya rasa rabin labarin.

Abin da ya sa wannan tsari ya yiwu shi ne zaman lafiya. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 sun ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, hari ya tsaya. Manoma suka koma suna sare Rubu, suna gina gidaje a kan kufan kakanni, waɗansu ma daga ƙasar Faransa suka kwararo. Hukuma ta keɓe wani babban yanki ta hana sara, wanda daga baya aka sani da gandun Ruma da Kukar Jangarai, kuma a shekarun 1960 aka yi ƙoƙarin mai da shi makiyaya mai tsari, da madatsun ruwa da aikin likitan dabbobi, har Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965. A birni kuwa sababbin ma'aikatu suka soma raɗa suna maimakon sarautu. Mafi shahara ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka soma a 1921, Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, don horon malaman makaranta. A nan Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Balewa, da Abubakar Imam suka yi karatu. An ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda ta zama Barewa. Gininta na ƙasa yana nan a Rafukka, an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Ita ma, in an lura, ta bi sawun hakimai: gida ya tsaya, aikin ya tafi.

Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gari ya tsallake ganuwa ta kowace fuska. Ganuwar kanta an cinye mafi yawanta da gine-gine, ƙofofin an sake su da siminti. Sababbin unguwanni suna amsa sunaye irin su Sabuwar Unguwa, ko a ce filin wane, ko rukunin gidajen wane, kuma har "Ƙofar Ƙaura" a bakin yaran yanzu sunan wata shimfiɗaɗɗiyar unguwa ce a wajen ganuwa. Ɗafin nan na -nci ya daina haihuwa. Ba a ƙara samun wata sarauta da ta tara mutane a ƙofarta har ta zama unguwa ba, domin abin da ke tara mutane yanzu ofis ne da kasuwa da bakin titi. Yaron da aka haifa a Iyatanci yana iya girma bai taɓa jin cewa sunan unguwarsu da na hakimin Mashi abu guda ne ba, kuma wannan gyara ne da malamin aji zai iya yi cikin darasi ɗaya, in shi kansa an gaya masa.

Yamma kuwa ba ta bar birni ya manta da ita ba. Aikin makiyayar nan ya lalace, madatsun suka cike, noma ya ci burtali, kuma daga shekarun 2010 Dajin Rugu ya koma maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane. Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na ƙasar Batsari. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu suka cika garin Batsari, waɗansu suka wuto birni, suka raɓa a kangaye da gidajen 'yan'uwa a bayan gari. Dalilan wannan fitina na zamaninmu ne, ba na zamanin Siddiƙu ba, kuma kuskure ne a ce tarihi ya maimaita kansa. Amma ƙasar ita ce dai, duwatsun su ne, kuma in ƙauye ya tashi abin da ke maye gurbinsa bai sake ba.

Tun kafin wannan, a watan Mayu na 2019, an kashe manoma a gonakinsu a 'Yargamji ta ƙasar Batsari. 'Yan'uwansu ba su rufe su nan take ba. Sai suka ɗora gawarwakin a mota, suka yi tafiyar mil talatin ɗin nan zuwa birni, suka kai su gidan gwamnati, suka kuma kai su Ƙofar Soro, gaban Sarki Abdulmumini Kabir Usman, tattaɓa kunnen Dikko, wanda ya kafa gidan. Talakawan Sarkin Ruma ne, ƙarƙashin dokar ƙasa kuwa tsaronsu yana wuyan 'yan sanda da soja da gwamna, Sarki ba shi da ko dogari mai bindiga. Duk da haka ƙofar Gidan Korau suka nufa, 'yan taku kaɗan daga Yarinci.